Tukar Magani a Bakin Lungu

Litinin, 6 ga Maris

Yau ma zazzaɓin ya zo. Da an ci abincin rana sai in ji shi yana hawowa daga tafin hannuna, kamar baƙon da ya san inda ake ajiye mabuɗi. Ba ya kayar da ni, ba ya kuma sakina. Talatin da bakwai da ɗigo biyar a ma'aunin zafi, wata rana shida. Tun bikin sabuwar shekara muke wannan zaman da shi.

A asibitin gunduma sun ɗebi jinina, sun ɗauki hoton ƙirji, sun leƙa cikina da na'ura. Likitar, yarinya ce da ba ta kai Shanshan ɗina ba, ta ce, “Inna, ba mu ga komai ba, ki je ki huta.” Hutu. Shekara biyu ina jinyar mijina ban zauna ba, yanzu da ya mutu ya bar ni da ɗaki biyu da agogon bango, wane hutu ne ya rage ban yi ba?

Shanshan za ta haihu ƙarshen Mayu. Ita kaɗai ce gare ni, ita kaɗai aka bar mu muka haifa a zamaninmu. Tun ranar da ta gaya mini cikin muka gama magana: ni zan je Nanjing in zauna mata jego, wata guda cur. Na ɗinka barguna, na haɗa giyar shinkafa tana nuna a ƙarƙashin gado, na kama kaji a wurin mutanen ƙauye suna yi mini kiwo.

Jiya mijinta Deming ya kira. Ladabi kamar zai kwanta a cikin wayar. “Mama, lafiyarki ce gaba da komai. In zazzaɓin bai tafi ba kada ki wahalar da kanki, mamata za ta zo.” Wai lafiyata. Jaririnsa yake ji wa tsoro, ya fito ya faɗa mana.

Alhamis, 9 ga Maris

Maƙwabciyata Yaya Miao mai awara ta ja ni kamar akuya zuwa wurin Tsoho Gu mai maganin gargajiya, can bayan kasuwar kifi. Ban so zuwa ba. Shekara talatin na yi a masaƙa gaban inji, ni ba 'yar ƙauye ba ce.

Warin shagon yana nan yadda na san shi tun muna yara. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ya lumshe ido har na ɗauka barci ya kwashe shi. Ya sauya hannu. Ya ce in fito da harshe. Ya tambayi gumi, ya tambayi bayan gida, ya tambaya ko hawa bene yana sa ni haki, ko magana tana gajiyar da ni. Miao ta ce, “Wannan? Magana ta gajiyar da ita?” Sai ya ce me nake sha tun da abin ya fara.

Na lissafa masa har da alfahari: shayin furanni, ruwan koren wake mai sanyi, kokwamba, duk abin da aka sani yana kashe zafi. Ba abin da kowa zai yi ba ke nan? Jiki ya yi zafi, a ba shi sanyi.

Ya cire tabarau ya dube ni. “Lanfang, wata biyu kina kwara wa murhun da ya kusa mutuwa ruwa. Wannan ba wuta ce ta yi yawa ba. Ƙarfin cikinki ne ya ƙare, ɗan ɗumin da ya rage ya rasa mai riƙe shi, shi ne yake yawo a fata. Sai an ɗumama ki zai koma mazauninsa.”

A ɗumama mai zazzaɓi. Na buɗe baki, Miao ta zungure ni.

Ya auna mini saiwar huangqi, da jan dabino, da busasshen ɓawon lemo, da citta, da wasu saiwoyin da ban san su ba, ƙunshi-ƙunshi a takarda. Ga dokoki: ba abu mai sanyi, ba ɗanye, ba koren wake, ba kankana. Na ce sai yaushe. Ya ce na yi shekaru ina kwashewa, ba zan cika a mako ɗaya ba. Na ce ni ƙarshen Mayu gare ni. Ya ce shi ba da Mayu yake aiki ba.

Asabar, 11 ga Maris

A jiƙa, a dafa a tukunyar ƙasa, ruwa kwano uku ya koma ɗaya, a tace, a sake dafawa. Labule da matashi duk sun ɗauki wari. Abin haushin ma ba shi da ɗaci, wani zaƙi-zaƙi ne mai tayar da zuciya. Ni na fi yarda da magani mai ɗaci.

Miao ta shigo ta tarar zan juye tukar a kwandon shara, saiwoyin nan da suka gama dahuwa suka yi luguf. Ta cafke hannuna. “Ke kuwa wa ya rene ki? A hanya ake zubarwa, masu wucewa su taka su tafi da cutar. Ki bar ta a ɗaki ai kin ajiye ciwon ke nan.” Na ce wannan zancen kakanni ne. Ta ce, “To kin taɓa jin kakarki ta yi wata biyu da zazzaɓi?” Na ce kakata ba ta da ma'auni. Ta ja tsaki ta fita.

A shara na juye.

Talata, 14 ga Maris

Na zuba a hanya. Da sassafe, bayan mai shara ta wuce. Ba wanda ya gan ni.

Lahadi, 19 ga Maris

Mun yi waya ta bidiyo da Shanshan. Fuskarta ta ciko, hancinta ya buɗe, namiji ne ko shakka ba na yi. Tana cikin ba ni labari sai ga wata ta gifta ta bayanta ɗauke da tukunya. Uwar Deming. Wai dubiya ta zo daga Shandong, kwana biyu. Mai kwana biyu ce take sanin inda ake rataye ludayi?

Ta leƙo da faffaɗar fuskar nan tata. “Surukata, yaya jikin? Ki kwantar da hankalinki, a wurinmu kunun gero da dafaffen ƙwai muke ba mai jego, kafin ki ce me ruwan nono ya zo.” Gero. Abincin tsuntsun keji za ta ɗura wa 'yata wata guda. Na ce madalla.

Ni da na haifi Shanshan uwata ta riga ta mutu. Uwar mijina ta zo, ta ɗaga zani ta ga mace, ta kwana ɗaya ta ce kajinta na jira. Cikin sanyin Disamba na wanke tsumma da ruwan famfo, ban cika wata ba na koma gaban inji. Har yau yatsuna ne ke gaya mini in za a yi ruwa. A lokacin na ɗaukar wa kaina alkawari, ranar da yarinyar nan za ta haihu ko cokali ba za ta ɗaga ba, ni zan ɗaga. Shekara talatin ina riƙe da wannan, sai ɗigo biyar ya zo ya ƙwace.

Da na kashe wayar na auna. Ɗigo bakwai.

Alhamis, 23 ga Maris

Na samu aikin yi. Ina zama a taga da kwanon magani ina kallon masu wucewa. Mutanen lungun nan munafukai ne kaf. Kowa zai rantse bai yarda da camfi ba, amma kowa kauce wa tukar yake yi. Malamin firamaren nan har ɗan tsalle ya yi, da jakarsa da tabaransa. 'Yan babur masu kai abinci ne kawai ke bi ta kai, su kuma ban sani ba ko taya tana ɗaukar cuta. Na tambayi Miao, ta ce sai ƙafa.

Mahaucin nan mai wuya kamar turmi nake so ya taka. Me ɗigo biyar zai yi masa? Ba zai ma san ya ɗauka ba.

Laraba, 29 ga Maris

Ba canji. Gu ya ƙara wata saiwa ya rage wata, ya ce jijiyata ta fara tasowa. Shi yake jin ta. Ni ma'auni nake gani.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ranar sharar kaburbura, da yayyafinta kamar kowace shekara. Ni kaɗai na je, mai ciki ba ta shiga maƙabarta. Na cire ciyawar kabarin mijina, na zuba masa giyarsa, na ƙona masa takardun kuɗin matattu, sannan na gaya masa abin da ke raina. Na ce kai ka kwashe mini ƙarfi, Gu ma ya faɗa. Shekara biyu ina juya ka, ina ɗaga ka, ina wanke ka, ka tafi ka bar ni fanko. In kana da wata alfarma a can, yanzu ne amfaninta. Ba tsawon rai nake roƙo ba, wata ɗaya nake roƙo.

Na dawo a jiƙe. Da yamma ɗigo takwas. Amsarsa ke nan, dama tun yana raye bai taɓa yin abin da aka aike shi daidai ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

Deming ya fito da sabuwa. Wai don hankalin kowa ya kwanta in riƙa tura masa hoton ma'aunin kullum. Na tura na safe, lokacin da jikina yake sanyi ƙalau. Ya rubuto, “Mama, na la'asar ya fi.” Yaron da na cire wa ƙayar kifi da hannuna ranar da ya fara zuwa gidan nan yana rawar jiki, yau shi ke duba ni kamar kaya a kwastan. Ya ce in an samu mako biyu ba zazzaɓi, shi da kansa zai zo ya ɗauke ni.

Shanshan ba ta ce komai ba. Wannan ya fi ci mini rai.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na sauya wuri. Bakin lungu, inda ya tsuke tsakanin katangar shagon Miao da turken wuta, inda mota ba ta shiga, mutum biyu ma sai sun karkata. Na baza tukar daga bango zuwa turke. Daga tagata ina hango wurin sarai. Yanzu sai mu ga mai tsalle.

Na san abin da nake yi. Ba na neman kowa ya mutu. Amma duk mutanen nan suna da 'ya'yansu kusa, suna da mazansu, suna da jikin da ke jin maganarsu. Wani ya riƙe mini kayan nan wata ɗaya tak, me zai rage shi?

Juma'a, 21 ga Afrilu

Matar kwamitin unguwa ta zo da jan ƙyallenta a dantse. Wai an kai ƙara, wata tsohuwa ta kusa zamewa. “Haba Yaya Lanfang, a wannan zamanin?” Na ce ta nuna mini dokar. Ta ce za ta liƙa sanarwa. Na ce in ba ta da gam zan ara mata.

Na ba Gu labari don ya yi dariya, bai yi ba. Ya ce shi abin da ya ji a wurin manya, da can ana zubarwa a hanya ne don in masani ya wuce ya duba ko an ba mara lafiya saiwar da ba ita ba. “Cuta ba ta bin takalmi, Lanfang. Ki sha maganinki, ki ci abinci, ki daina auna kanki kamar mai sayar da gishiri.” Shi ba shi da 'ya a Nanjing.

Talata, 25 ga Afrilu

Mahaucin ya taka, da ƙafa biyu, yana waya. La'asar ta yi zazzaɓina yana nan daram. Har cutar ma ba ta son sa.

Litinin, 1 ga Mayu

Dole sai na rubuta, in ba haka ba kaina zai fashe.

Yau hutu. Na zuba da safe, har tana tururi. Ina zaune a taga da hantsi sai ga farar mota ta tsaya a bakin lungu. Deming ya fito da ƙyallen rufe hanci, ya zagaya ya buɗe ƙofa. Shanshan. Ciki har wuya, hannu ɗaya a ƙugu. Ba wanda ya ce mini za su zo.

Na banke taga na kwantsama ihu. Tsaya, kar ki matso, Deming riƙe ta. Lungun duk aka fito. Ta sunkuyar da kai ta ga abin da ke gabanta. Ta san shi. Tana ƙarama in muka ci karo da tukar wani a hanya fizgar hannunta nake yi mu tsallaka titi. Ta ɗago ta dube ni. Sai ta ɗora ƙafa, ta ɗora ɗayar, ta murza kamar mai kashe guntun sigari.

Ban san yadda na sauko bene ba. Na kai mata duka a kafaɗa, da cikinta, ni da rabona da in taɓa ta tun tana firamare. Tana dariya hawaye na zuba.

“Mama, Inna Miao ta ce wata biyu kina jiran mai takawa. To ga shi an taka. Sai ki haɗa kaya.”

Na ce kin haukace ne, da ciki?

“Ni ban yarda da shi ba, ke kika yarda. In ya yi aiki kin warke, in bai yi ba na ɓata takalmi.”

Deming yana tsaye kamar turken wutar, wai, “Mama, ai saiwa ce kawai da dabino.” Na ce ya rufe mini baki.

A kan matakala na zaunar da ita na tuɓe takalman, na je na wurga su kogi. Na dafa ruwa da citta da gishiri na wanke mata ƙafa har sau biyu. Ta bar ni. Ƙafafun sun kumbura, in na danna sai wurin ya lotsa. Deming ya fita sayo lemo, sai ta yi ƙasa da murya. Ta ce uwar Deming mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa yi mata komai ba, amma ba ta san ta ba. “Ina so in yi kuka ba sai na yi wa kowa bayani ba. Tsoro nake ji, Mama.” Ni kuma ina durƙushe ina dirzar tafin ƙafarta.

Mun ci abinci tare. Da yamma ta tafi sanye da silifas ɗina.

Miao kuwa, ni da ita har abada.

Talata, 2 ga Mayu

Bai zo ba. Na girgiza ma'aunin na sake, na sake. Talatin da shida da ɗigo takwas.

Alhamis, 4 ga Mayu

Na ari ma'aunin maƙwabtana na ƙasan bene ko nawa ne ya lalace. Bai lalace ba.

Asabar, 6 ga Mayu

Gu ya riƙe hannuna yana gyaɗa kai kamar wanda ya ci gasa. Ya ce lokacinsa ne ya yi, ai tun ƙarshen Maris ya gaya mini jijiyar tana tasowa. Na ce to me ya sa sai washegarin ranar. Ya ce, “Don ran nan kika ga 'yarki, kika ci abinci kamar mutum, kika yi barci.” Ya ƙara mini ƙunshi, ya ce kada in kuskura in tsaya, ginin bai bushe ba.

Kowa sai barka yake yi mini. Deming ya turo hoton babban yatsa. Miao ta wuce ni a bakin famfo ba ta iya haɗa ido da ni ba, don ita ta san inda ya tafi.

Safe, rana, yamma ina kiran Shanshan in ce ta taɓa goshinta. Ta ce, “Mama, mai cikin wata tara a watan Mayu, sanyi kike so in ji?” Wannan ne abin da na yi wata huɗu ina roƙo, ga shi an ba ni, na kasa murna.

Talata, 9 ga Mayu

Muryar Shanshan ta toshe. Wai ɗan mura ne, likitarsu ta ce ba komai. Na matsa mata sai da ta auna tana kan waya. Ɗigo biyar.

Nawa ne. Na san shi kamar yadda nake gane tarin ubanta a cikin taro.

Laraba, 10 ga Mayu

Ban dafa ba yau. Ƙunshin suna nan kan kabad.

Na sayo kankana na sa a firji, na ci rabi a tsaye. Na dafa koren wake na zuba ƙanƙara. Na yi wanka da ruwan famfo na zauna gaban fanka. Da sassafe kuma na je bakin lungu na cire takalmi na tsaya a wurin, duk da ruwan sama ya wanke shi tuni. Na ce wa zazzaɓin ka san gidanka, ka dawo, yarinyar nan ba ta yi maka komai ba.

Alhamis, 11 ga Mayu

Gudawa. Ba zazzaɓi. Na ƙarasa kankanar na sayo wata.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ya dawo. Bayan abincin rana, ta tafin hannu, yadda ya saba. Ɗigo shida. Na zauna a bakin gado ina jin sa yana hawa, ban taɓa murnar ganin baƙo haka ba.

Na kira Shanshan. Muryarta garau, murar ta sake ta tun jiya. To.

Jibi ne Deming zai zo ɗaukata. Na ɗauki hoton na tura masa. Ya rubuto, “Mama, ki yi haƙuri.” Na ci shinkafa da daɗi. Na aika wa mutanen ƙauye su sayar da kajin.

Shanshan tana ta kira. Ban ɗauka ba, in na ji muryarta zan faɗi abin da bai kamata ba.

Talata, 23 ga Mayu

Mace. Ni da na ce namiji.

Uwar Deming ce ta riƙe mini wayar. Jaririyar ja wur, da gashi cike da kai, bakin ubana sak. Sai aka juya wayar. Shanshan kwance, fuska ba jini, gashi ya manne a goshi, hannun wata yana share mata gumi. Na ce kada a bar iska ta taɓa ta, a rufe mata kai. Aka ce to. Ita ba ta buɗe ido ba.

Suna lafiya su biyun. Abin da na saya ke nan, kuma ban yi tsada ba.

Asabar, 27 ga Mayu

Miao. Bakinta ya fi tukunyar awararta faɗi. Ta ga ɓawon kankana a sharata, ta gan ni ba takalmi a bakin lungu, ta kwashe duka ta kai Nanjing.

Shanshan ta kira, ba gaisuwa. “Kankana, Mama?”

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

“Da cikin nan na zauna a mota tun safe don ki zo. Murar Deming ce na ɗauka, shi ya fara, har uwarsa sai da ta yi. Da aka shiga da ni ɗakin haihuwa ke nake kira, nas ta ce ina mamar take. Me zan ce mata? Tana gida tana cin kankana?”

Na ce kin warke ko ba ki warke ba.

“Kin ɗauke mini mura, kin bar ni da haihuwa ni kaɗai.”

Ta kashe.

Deming ne ya fara. Ba wanda ya gaya mini Deming ne ya fara.

Laraba, 31 ga Mayu

Shekaranjiya na koma wurin Gu. Ya riƙe hannuna, ya dubi harshena, bai tambaye ni komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce mun koma farko. Kafin in sake cika an gama jegon, wannan ba sai ya faɗa ba. Na dafa jiya, na dafa yau. Tukar tana kwandon shara, gwiwata ce ke ciwo, bakin lungun kuma da ɗan nisa.

Da hantsi uwar Deming ta kira. Na bar wayar ta yi ta ƙara kafin na ɗauka. Ta ce Shanshan ba ta cin abinci, tana ture kunun, miyar kifi take so irin ta gida. Ta gwada sau biyu tana fitowa kamar ruwan wanke-wanke. “Yaya, ki koya mini. Yarinyar nan tana ramewa a hannuna, ni kuma ban san yadda zan yi ba.”

Na yi niyyar in gaya mata rabi. Sai na ji bakina yana cewa ta jingine wayar inda zan ga tukunyar. A soya kifin da citta har bayansa ya yi ja, kada a taɓa shi yana soyuwa. Tafasasshen ruwa za a zuba, ba mai sanyi ba, nan kowa ke lalata ta. Wuta sosai har ta yi fari kamar madara. Awara a ƙarshe, gishiri ɗan kaɗan. Na yi mata tsawa sau biyu, ta yi dariya ta ce in ƙara. Hannunta ba laifi, ba zan ce mata ba dai.

Da la'asar ta sake kira. Wai Shanshan ta kai cokali ɗaya baki ta ajiye, ta ce wa uwar mijin wannan ba girkinki ba ne. Ita kuma ta ce mata eh, na mamarki ne. Sai Shanshan ta shanye tas.

Ba ta kira ni ba. Na ajiye wayar kusa da murhu, inda zan ji ta ina dafa na yamma.